Sabon Kwaɗo a Ƙofar Dunarra

Talata, 24 ga Satumba

Yau mun sauko da gadon Ultan mijina falo. Ni da Malachy maƙwabcinmu muka kwance shi muka sauko da shi guntu-guntu, mai gadon yana zaune a kujera yana ba da umarni sai ka ce shi ke ɗauka. Ba ya iya hawa bene kuma. Likita ta ce ciwon ya kai hanta, a bar shi a gida a ba shi abin da ransa ke so. Abin da ransa ke so taga ce mai kallon dutse, ita kuwa tagar falo hanya take kallo. Ya yi ta mita har shayinsa ya huce.

Da rana wasu Jamusawa, miji da mata, suka zo karɓar mabuɗi. Tun zamanin kakan Ultan mabuɗin ƙofar Dunarra, tsohon ginin da ke kan dutsen nan, yake rataye a bayan ƙofar kicin ɗinmu, duk mai son hawa ya ga ganuwa da hasumiya mu zai ƙwanƙwasa wa. Yana jin muryarsu ya ce in shigo da su. Mutumin da cokali ke gagara, sai ga shi ya riƙe bayin Allah da labari: yadda aka fara da ganuwar ƙasa ta wani sarki mai shanu, mayaƙan Normawa suka zo daga tsallaken teku suka ɗora dutse, mutanenmu suka ƙwace, aka ƙwace musu, suka sake ƙwacewa, har ranar da aka jawo igwa daga kogi aka fasa wa hasumiya ƙugu.

"In kun isa ƙofa ku ɗaga kai," in ji shi. "Akwai rami a sama, ta nan ake sheƙa wa baƙo tafasasshen ruwa. Matata ta gaji sana'ar, amma ita da baki take yi."

Bajamushiyar ta tambaye shi ko jinin sarakunan ne. Ya ce, "Ina! Mu dangin Mulqueen masu tsaron ƙofa ne. Sarakuna sun shiga jirgi sun gudu, mu aka bar mu da mabuɗi."

Na ji wannan zancen ya fi a ƙirga. Yau na tsaya a bakin ƙofa na saurare shi har ƙarshe.

Alhamis, 26 ga Satumba

Ya sa na yi alkawari. Ina goge masa baki ya riƙe hannuna.

A binne shi a cikin ganuwa, gefen rusasshen cocin da ke can, inda uwarsa da ubansa suke. Gidaje kaɗan ne suka rage da ake binne nasu a can, kuma namu yana ciki. Ya ce, "A kafaɗa, yarinya, ba a mota ba. A zagaya ganuwa yadda rana ke tafiya, sannan a shiga ta ƙofa. Kada ki bar su su kai ni sabuwar maƙabarta, filin da ko tudun tururuwa babu."

Na ce to. Ya ce ba to yake so ba. Na ce na yi alkawari, sakar mini hannu tuwon dankali zai ƙone.

Yarinya. Da furfurata da ƙuguna na ƙarfe da aka sa mini a asibiti.

Lahadi, 29 ga Satumba

Ya ci ƙwai guda. Har da burodi.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ruwa da iska tun jiya ba ƙaƙƙautawa. Wajen azahar ina wanke tukwane na ji wani ruri daga dutse, kamar tifa ta juye tsakuwa. Kofuna suka yi ƙara a kan kanta. Na leƙa falo da gudu, Ultan yana barcin magani, bakinsa a buɗe.

Malachy ya hau duba tumakinsa, ya dawo jiƙe sharkaf, ya tsaya a kicin bai ko cire hula ba. Kusurwar hasumiya ta gabas ce ta zube. Duwatsun sun tare hanyar da ke shiga wajen coci, kuma abin da ya rage a tsaye ya tsage, tsagar da mutum zai zura hannu har kafaɗa. Na ce kaburbura fa? Ya ce suna nan lafiya, amma a ƙarƙashin tsagar suke.

Ginin da igwa ta bari, ruwan sama ya ƙarasa. Kuma sai yanzu. Haba!

Litinin, 7 ga Oktoba

Sun zo daga ofishin kula da gine-ginen tarihi, da hulunan kwano da farar mota. Shugabarsu injiniya ce, Sorcha Devane, yarinya ce sa'ar Lorcan ɗana. Sun kewaye dutsen da shingen waya, sun sa sabon kwaɗo a ƙofa, mai walƙiya. Na tare ta a bakin hanya don kada Ultan ya ji.

Na ce mijina yana kwance, kuma can za a kai shi. Ta ce yaushe? Kamar ni ke riƙe da ranar! Na ce ki tambayi Allah, ni ban san lambarsa ba. Nan take na ji kunya, don fuskarta ta yi ja har kunne.

Ta ce, "Uwargida Mulqueen, ba zan iya ce miki e ba. In maza suka shiga da shebur suna sara a gindin katangar nan, ban san wa zai fito ba."

Na ce sai yaushe za a gyara? Ta ce sai sanyi ya wuce, farar ƙasar da ake haɗa duwatsun da ita ba ta kamawa a cikin ruwa. Na ce mijina ba zai ga ƙarshen sanyi ba. Ta ce ta sani, ta yi haƙuri, za ta kai maganar sama. Ta tambaya ko ina so ta karɓi tsohon mabuɗin. Na ce ki taɓa shi ki gani.

Ban gaya masa ba. Ya tambaya motar wa ya ji, na ce masu gyaran wayar lantarki ne.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na manna takarda a ƙofar shinge cewa dutse a rufe yake, kada a ƙwanƙwasa. Wa ke karantawa? Yau wata Ba'amurkiya ta wuce takardar ta zo har ƙofa, wai kakan kakanta daga nan ya tafi lokacin yunwa, ta tsallako teku don ta taɓa katangar. Na tura ta baya har bakin mota ina yi mata raɗa kamar ɓarauniya. Ta fashe da kuka. Ni ma sai na tsaya ina kuka tare da ita a kan titi, ita tana tsammanin don kakanta nake yi.

Da na shigo Ultan ya ce, "Baƙi sun yi ƙaranci bana." Na ce lokacinsu ya wuce. Ya ce a Oktoba? Na ce duniya ta canza, mutane a waya suke kallon komai yanzu.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na kira kansila. Na kira Fada, limamin cocinmu. Na kira ofishin, aka haɗa ni da wani, ya haɗa ni da wata, ta ce wanda ke da maganar yana hutu. Kowa murya mai daɗi, kowa yana tausaya mini. Da tausayi yana ɗaga dutse da tuni an gama ginin.

Fada ya ce ƙasar Allah duk ɗaya ce. Na ce to ka shigo ka gaya masa da kanka. Ya sha shayinsa, ya shiga ya yi masa addu'a, ya fito bai gaya masa ba.

Talata, 22 ga Oktoba

Ya ce in miƙo masa mabuɗi. Yana nan a hannunsa ƙarƙashin bargo, tare da carbi. Mabuɗin da ba ya buɗe komai.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Lorcan ya iso daga Australiya. Ya rame ko ni ce na manta. Na gaya masa a mota kafin ya shiga. Ya bugi sitiyari, ya ce, "Mam, yaya za ki ɓoye masa? Haƙƙinsa ne ya sani." Na ce bismilla, ga ƙofa. Ya shiga, ya ga ubansa, ya zauna a bakin gado. Ina jin uban yana tsara masa waɗanda za su ɗauki akwati, wa zai kama gaba wa zai kama baya, inda za a huta a kan hanya wajen lebur ɗin dutsen nan, da yadda za a sa gajeru a gaba in an fara hawa don kada akwati ya zame. Lorcan yana ta cewa to, Dad. To, Dad.

Ya fito kicin ya ce, "Zan yanke kwaɗon." Malachy yana wurin, ya ce, "Ka yanke, ɗana. Sai ka zaɓi maza shidan da za ka tsayar a ƙarƙashin katangar, ka je ka gaya wa matansu." Na zuba musu miya.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ranar tunawa da matattu. Kowace shekara Ultan ke hawa ya kunna wa iyayensa kyandir. Bana ya ce ni zan je. Malachy ya ɗora ni a tarakta har inda hanya ta ƙare, daga nan na ja ƙafa zuwa waya. Ta cikin ƙofa ina hango kan dutsen kabarin uwarsa, da tulin duwatsu a gabansa, da katangar a tsaye a kansu ta karkace. Na ajiye kyandir a cikin kwalba a gindin waya. Iska ta kashe shi kafin in juya.

Wasu samari masu keke sun tsaya suna ɗaukar hoto ta cikin shingen. Ɗayan ya ce mini wurin ya fi kyau a rushe. Allah ya taimake shi sandata tana hannun Malachy.

Da na dawo Ultan ya ce me na gani. Na ce komai yana nan. Ya ce an ga kogi? Na ce an gani, har gadar. Ya ce, "Ran da sama ta washe gundumomi huɗu ake gani daga can. Wa zai ƙi kwanciya a wurin?" Ya lumshe ido yana murmushi. Na shiga banɗaki na kunna famfo.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Hankakin hasumiya sun dawo kan rufinmu da bishiyoyin bayan gida, tun da kusurwarta ta zube. Ihunsu ya cika gidan da safe. Yau ina juya shi ya ce, "Attracta, hankakin nan na dutse ne." Na ce sanyi ne ya koro su. Ya ce tun yana yaro bai taɓa ganin sanyi ya koro su ba.

Ya dube ni, ya daɗe. Na ci gaba da gyara matashi. Da ya tambaye ni kai tsaye, wallahi da na faɗa. Bai tambaya ba. Cewa ya yi, "In mutuwar ta zo a ƙarshen mako, ki tuna wa Malachy yankan Lahadi."

A al'adarmu ba a fara haƙa kabari ran Litinin, ba wanda zai taɓa shebur a ƙauyen nan. In ya zama dole, wani ya je ran Lahadi ya yanki ƙasa da ciyawarta ya kife, sai a ce ai aikin tun jiya aka fara. Ultan yana cewa wayo ne muke yi wa Litinin, ita kuma har yau ba ta gane ba.

Ban sani ba ko ya sani. Ban sani ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ya cika da hantsi. Ina riƙe da hannunsa, Lorcan yana ɗaya gefen. Ba wahala.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Gida cike. An kwantar da shi a falo cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, mata sun kawo burodi da naman alade da kek har ba wurin ajiyewa, maza suna kicin da wiski suna ba da labaransa. Wai ranar da ya gaya wa wasu 'yan makaranta akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa daga hasumiya zuwa mashayar gari, malaminsu ya fi su son a nuna masa bakinta. Na yi dariya. A gaban gawar mijina na yi dariya har da hawaye.

Lorcan yana waje da waya a kunne tun safe. Ya samu Sorcha Devane, ta ce gobe da sassafe za ta hau da wani babban injiniya su sake dubawa, ko za a iya tokare katangar na yini ɗaya. Na kama wannan maganar da hannu biyu. Na ja Malachy gefe na ce yankan Lahadi fa. Ya ce ya riga ya je, ta ƙarƙashin waya ya bi, ya yanka gefen uwarsa ya fito da sauri. Na sumbaci hannunsa, tsoho ya rasa inda zai sa kansa.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ta zo da kanta. Ta tsaya a ƙofar kicin takalmanta duk laka, ta ce tsagar ta ƙara buɗewa tun wancan dubawar. Ba za a iya ba. Ko na awa ɗaya.

Na roƙe ta. Ni Attracta, da ban taɓa roƙon kowa ba, na ce ki bar ni ni kaɗai in haƙa, in katanga ta faɗo sai ku huta da haƙa na biyu. Tana ta kuka tana girgiza kai. Lorcan ya kama ni ya zaunar.

Can sai abin ya faɗo mini. Na ce to ai yau Litinin, ba a yi yanka a sabuwar maƙabarta ba, ba mai haƙawa, dole a jira. Har na ji wani daɗi, ko yini ɗaya ne na ƙara. Malachy yana murza hularsa. Ya ce, "Attracta, biyu na yanka jiya. Na dutse da na ƙasa."

Wato tun jiya ya sani. Yana tsaye ina sumbatar hannunsa ya sani. Na ce fita mini daga gida. Ya fita, ya ɗauki shebur, ya tafi ya haƙa wa mijina kabari.

Talata, 12 ga Nuwamba

A kafaɗa suka ɗauke shi daga coci, wannan kam an yi. Sauran ba a yi ba. Fili shimfiɗe, bayan sabbin gidaje, gefen kabarin wani mutum daga Dublin da ba wanda ya sani. Malachy ya kawo ƙasar da ya yanka a dutse cikin buhun abincin tumaki, aka ɗora a kan akwati, wai don in ji sanyi. Ban ji ba.

Na yi alkawari kuma na karya. Ba wata magana bayan wannan.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Lorcan ya koma. An mayar da gado sama. Falo ya yi girma.

Na aika wa Malachy burodi. Ya dawo da tawul ɗin da na naɗe shi a ciki, a wanke, a ninke.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Sorcha Devane ta biyo. Ta ce an amince da aikin, zuwa tsakiyar shekara mai zuwa katanga za ta tsaya. In an gama, akwai hanyar neman izini a ɗauke shi a mayar da shi cikin ganuwa, kuma ita da kanta za ta tsaya mini. Yarinyar kirki ce, abin haushin ke nan. Na ba ta shayi da kek.

Lorcan ya kira, ta riga ta gaya masa. Murna kamar ya shigo ta cikin waya. "Mam, za mu cika masa! Zan zo, za mu zagaya ganuwa da shi, komai yadda ya ce." Na ce Allah ya kai mu.

Juma'a, 6 ga Disamba

Yau ma na je kabarinsa. Kullum nake zuwa, bayan na sha shayin safe, da sandata, hanya miƙe ba hawa ba gangara. Ina kai ƙaramar kujera. Na gaya masa an kafa ƙarafa har saman hasumiya, kuma tunkiyar Malachy ta maƙale a waya. Na gaya masa maƙwabcin nasa ɗan Dublin direban bas ne, matarsa tana zuwa ran Juma'a, sunanta Dympna, ba ta da laifi sai yawan magana. Daga inda nake zama ana ganin dutsen gaba ɗayansa, har ƙofar. Shi da yake ciki kullum bai taɓa ganinsa haka ba.

In yana can sama, sau ɗaya a shekara zan gan shi, a kan tarakta, in Malachy yana da rai. Sauran kwanakin kuma masu hoto su zauna a kansa suna cin burodi.

Ba cewa na yi na fasa ba. Alkawari alkawari ne, kuma Lorcan yana jira. Sorcha ta kira sau biyu kan maganar izinin, ban ɗauka ba, hannuna da ƙasa.

Albasar furanni ce na saya a kantin Hehir, rawayan nan da ke fitowa a watan Maris. Na shuka masa daga kai har ƙafa. Dympna ta tsaya a kaina ta ce, "Ba na ji an ce za ku tashe shi ba? Waɗannan fa sai sun shekara biyu suke cika wuri."

Na ce na sani. Na ce miƙo mini sauran.